Kwanon da Aka Kifa wa Rediyo

"...lafiya lau, in ban da kunnuwana da ka kashe. Kai fa, maigida? Ka tashi lafiya, ko dama ba ka kwanta ba?"

"Lafiya ƙalau, amarya. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta. Da ka damu da ita ai da ka leƙo, ba sai na jawo ta har nan ba. Ga abincinka."

"Ajiye can nesa. Can, bakin ƙofa. Na ce miki kada kwano ya matso teburin nan."

Kaka ta dire kwanon a bakin ƙofa, ta ture wani mushen rikoda da sandarta, ta sami wuri ta zauna da ƙyar. Dogo bai ko ɗago ba. Yana durƙushe gaban ɗan teburinsa, ƙarfen narka dalma a hannu, hayaƙi na shigar masa ido. Jikanta ne, ɗan 'yarta da ta rasu ta bar shi yana rarrafe, kuma su biyun nan kaɗai suka rage a gidan. Sauran ɗakunan duk a garƙame suke, sai ƙadangaru ke shige da fice ta ƙarƙashin ƙofa.

Abin da ya hana Dogo barci kuwa rediyo ne da ya haɗa da hannunsa. Ya naɗe waya a jikin guntun bututun roba, ya miƙa eriya daga taga har bishiyar tsakar gida, ya ɗaure wayar ƙasa a famfo, abin kuma ya kama tasha, ba ƙarya. Sai dai muryar siririya ce, sai ka manna kunne ka riƙe numfashi. Shi ne ya zauna ya haɗa wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba, wanda zai ɗaga muryar ta yi ƙwari kafin ta wuce amfilifaya da sifika. Ya cusa shi cikin akwatin sabulu na roba, Kaka ta raɗa masa suna maƙogwaro. To, maƙogwaro ya ɗaga murya kam, amma ya ɗago har da wani ƙugi, wuuuu, mai danne komai.

Wani mai babban shagon gyaran kayan sauti a wani gari mai nisa ya zo unguwar ganin danginsa, aka nuna masa rediyon. Ya jinjina kai, ya ce in Dogo ya kashe ƙugin nan kafin ya koma, zai tafi da shi aiki. Gobe da safe zai koma. Ita kuwa Kaka, Allah ya gani, ba ta son ƙugin nan ya mutu.

"To Injiniya, yau me aka toya?"

"Ba a toya komai ba."

"Ƙarya kake, hancina bai tsufa ba. Jiya ka ƙona yatsa, shekaranjiya ka ƙona gira. Saura gemun, in ya ga damar fitowa."

"Gemuna yana hanya. Haƙoranki fa, su ma suna hanya?"

"Haƙorana hutu na ba su, sun yi aiki. Kai me ka taɓa yi da za ka huta? Wancan ƙwaron mai ƙafa uku da ka ce shi ne mugun, ka cire shi?"

"Tiransisto sunansa. Na canza shi."

"Ko sunan arziki ba shi da shi. Waɗannan masu zanen kala-kala fa?"

"Resisto. Na canza su. Na canza kafasito, na canza batir, na sake liƙa kowace ƙafa. Abin da ban canza ba a gidan nan ke ce."

"Gwada mana! Wa zai karɓe ka? Ni da na kori masu mota na zaɓe ka don tausayi."

"Masu mota? Lokacin da kike budurwa ko taya ba a ƙirƙiro ba."

"Kai, rufe min baki! Ranar da kakanka ya fara ganina sai da ya faɗa kwata."

"Gudu yake yi, baiwar Allah. Shi ya gaya min da bakinsa."

"Allah ya jiƙansa, maƙaryaci ne kamar jikansa."

Dogo ya ɗan murmusa, ya hura wurin da ya liƙa, ya mayar da murfin akwatin sabulun, ya haɗa batir. Wuuuu. Can ƙasan ƙugin wani mutum yana ta magana, ba ka jin ko kalma ɗaya. Dogo ya kai yatsa kusa da allon, ƙugin ya ƙara haukacewa. Ya janye hannu, ya dafe goshi.

"Madalla," in ji Kaka. "Sanarwar me suke yi? Taron sauro?"

"Labarai ne."

"Ashe duniya ta lalace haka. Ni dai na ce ka bar shi a haka, mu rataye shi a gona ya riƙa korar tsuntsaye."

"Muna da gona ne?"

"Ai kai ne mijin, kai za ka saya."

Bakinta yana zuba, amma zuciyarta ba daɗi, don akwai abin da ta sani ta ƙi faɗa. Shekaranjiya Dogo ya fita neman waya a gurguje, ya bar abin a kunne. Ƙugin ya ishe ta. Ta shigo da kwanonsa a hannu, ta wanko shi ke nan, ta rasa inda ake kashewa, haushi ya sa ta kifa kwanon a kan akwatin sabulun, tana cewa bari in toshe maka baki. Bakin kwanon ya danne tsirarar wayar nan da ta tafi famfo. Sai ɗif, ƙugi ya ɗauke. Wata mata ta fito tar a sifika tana bayanin yadda ake shayar da jariri, kamar a ɗakin take zaune. Kaka ta tsaya ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ɗauke kwanon, ƙugi ya dawo, ta fita ta ja ƙofa.

Shi kuwa har abada ba zai gwada haka ba. Tun ranar da cokali ya faɗa kan allon farko ya ƙone shi ƙurmus, ya kafa doka: ƙarfe ba ya hawa teburin nan. Komai nasa roba, komai katako. Kullum tana kallonsa yana nesanta maganin da ciwon, ta yi gum.

"Wai ma in ka tafi," ta ce, tana wasa da kan sandarta, "wa zai riƙa tashinka? Kai da sai an yayyafa maka ruwa."

"Zan sayi agogo."

"Agogo zai wanke maka riga? Agogo zai san ba ka cin albasa?"

"Zan auri 'yar birni, mai haƙora cif."

"Ta cije ka da su. Kwana biyu za ta yi ta gane tsawon ne kawai, ciki ba kowa."

"To ai sai in dawo miki."

"Ka tarar na yi aure. Mai shagon bakin titi kullum sai ya tambaye ni."

"Sandarsa da kika ara yake tambaya."

Ba ta kai ga ramawa ba fankar sama ta yi ƙiiii ta fara rage gudu. A daidai lokacin ƙugin ya yanke. Muryar mai labarai ta cika ɗakin, garau, har ana jin yadda yake juya takarda. Dogo ya yi tsalle, kansa ya bugi allon taga, bai ma ji ba.

"Ya yi! Amarya, ya yi! Kin ji? Wallahi ya yi!"

Kaka ta waiga da sauri. Ta kalli kwanon, yana nan bakin ƙofa inda ta ajiye shi. Ta ɗaga kai ta kalli fanka.

"Maigida," ta ce a hankali, "wuta aka ɗauke."

Ya bi idonta da kallo. Fankar ta tsaya cak. Ya tsaya shi ma, hannu a sama, bakinsa a buɗe. Ba a jima ba ƙwan lantarki ya yi ƙifta, fanka ta motsa, ƙugi ya dawo da ƙarfinsa kamar ya je ya ci abinci ne. Dogo ya sulale ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango.

"Haka yake min," ya ce. "Batir yake ci, amma wayoyin wutar gidan nan yake ji. Na fitar da shi tsakar gida, ga babbar waya ta bi ta kanmu. Na kai shi bayan gida, duk ɗaya. Me zan ce wa mutumin? Ya kashe wutar gari duk lokacin da za a ji labarai?"

"Ka ce masa rediyon masu haƙuri ne. Ai ba a daɗewa ake ɗaukewa."

Bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu ya zare batir, ɗakin ya yi tsit. Ya cire ƙarfen dalma daga soket, ya tsaya kallonsa yana hucewa. Sannan ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado, ya fara zuba kaya a ciki: guntayen waya, matattun sifiku, kwalbar da yake tara ƙananan kusoshi.

"Me kake yi kuma?"

"Mai gwangwan zai wuce an jima. Ya kwashe."

"Har da ƙarfen?"

"Har da shi. Masu lodi a kasuwa sun ce kullum suna neman mai tsawo. Gobe zan je."

"Kai? Lodi? Buhu ɗaya za a ɗora maka ka karye biyu, a kawo min kai a kwando."

"To."

"Da waɗannan ƙafafun naka kamar na zalɓe? Iska ma sai ta nemi izini kafin ta wuce ka, don kada ta ɗau alhaki."

"Haka ne."

"Kai, da kai nake! Na ce ko akuya ba za ta ɗauke ka aiki ba. Mummuna. Rago. Mai kunnuwa kamar murfin tukunya."

"Gaskiyarki, Kaka."

Kaka, ya ce. Ba amarya ba, ba tsohuwa ba, ba baiwar Allah ba. Tun yaron nan yana koyon magana bai taɓa barin zaginta ya faɗi ƙasa ba. Ranar da ya karye a hannu ana ɗora shi yana kuka, sai da ya ce mata hancinta ya fi karayar ciwo. Yau ga shi ta jefa masa uku a jere, ya sunkuyar da kai yana cusa waya a buhu. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar uwarsa. Ashe za ta iya riƙe shi a gidan nan, ya kwana ya tashi a gabanta, amma wanda take zolaya ya riga ya tafi.

"Kin huta," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Ina nan. Ba inda za ni. Dama can ƙarya nake wa kaina, wanda bai yi makarantar abin ba ina shi ina haɗa rediyo."

Ya ɗauki akwatin sabulun zai tsinke wayoyin.

"Ajiye."

"Kaka, bari kawai..."

"Na ce ajiye, ɗan banza! Mayar da batirin. Miƙo min kwanon can."

"Ba na jin yunwa."

"Wa ya ce don cikinka ne? Miƙo."

Ya miƙo mata don ta ƙyale shi. Kwano ne na ƙarfe, tsoho, mai murfi, bakinsa a lotse gefe ɗaya tun ranar da Dogo yana ɗan yaye ya yi jifa da shi don an hana shi wasa da ashana. A cikinsa ta yaye shi, a cikinsa yake ci har yau. Ta juye abincin a murfin, ta goge cikin kwanon tas da bakin zanenta, ta dogara sanda ta miƙe. Gwiwarta ta yi ƙara. Ta nufi teburin.

"Ke! Ina za ki da shi? Za ki ƙona min..."

"Abin da za ka ba mai gwangwan? Matsa. Kunna."

Ya haɗa batir yana tsaki. Wuuuu. Kaka ta kifa kwanon a kan akwatin sabulun, ta juya shi har wayoyin suka bi ta lotsawar, ta danna bakinsa a kan tsirarar wayar famfo, daidai yadda ta yi shekaranjiya. Ɗif.

Fanka tana juyawa, ƙwan lantarki yana ci, ga kuma muryar mutum garau yana cewa ana sa ran ruwan sama da yamma.

Dogo ya kalli fanka. Ya kalli kwano. Ya sa hannu a hankali ya ɗaga shi: wuuuu. Ya mayar: ɗif. Ya zame bakin kwanon daga kan wayar famfo, ƙugi ya leƙo. Ya mayar, ya ɓace. Sai ya dafe kai da hannu biyu.

"Wayyo ni! Rufi yake so. Rufin ƙarfe, a haɗa shi da ƙasa, ya tare masa wutar gidan. Robar ta hana shi taɓa allon, shi ke nan! Ni kuma ina ta korar ƙarfe kamar annoba. Kai, Dogo, Allah ya shirye ka!"

"Amin. Na daɗe ina roƙo."

"Amarya, ke ce injiniyar! Ta yaya ma kika..." Ya tsaya. Ya dube ta da kyau. "Tsaya. Ba ki yi lalube ba. Kai tsaye kika je kan wayar."

"Sa'a ce."

"Ba sa'a ba ce. Tun yaushe?"

Ta koma ta zauna, ta gyara ɗankwalinta da bai kwance ba.

"Shekaranjiya. Da ka bar min shi yana ihu."

"Shekaranjiya! Kina kallona ina ƙona yatsu? Kina kallona ba barci?"

"Ina kallonka mana. Wa nake da shi da zan kalla?"

Maganar ta fito ba yadda ta shirya ta ba, ba ko ɗigon wasa a ciki. Mai labarai ya gama, aka sa kiɗa, su duka biyu ba mai ji. Dogo ya juya ya kalli ƙofar, ta nan ana hango ɗakunan nan rufaffu a jere. Ya durƙusa a gabanta.

"Ba sai na je ba," ya ce. "Wallahi da gaske. In gaya masa bai yi ba. Wa zai ɗebo miki ruwa? In ƙafar ta tashi cikin..."

"Kai, tashi min daga gaba, kana tare min iska. Ka zauna ka yi min me? Ka riƙa ce min 'gaskiyarki, Kaka' kamar wani baƙo? Wannan na ɗazu ba na son shi, ko kyauta. Gara ka tafi can ka riƙa zagina daga nesa."

"Kaka..."

"Amarya, don ubanka! Ba a sake ni ba tukuna."

Dariya ta ƙwace masa, hanci na zuba, ya sa bayan hannu ya share.

"To amarya. Tsohuwa mai baƙin ciki. Mayya. Kwana biyu kina zaune a kan arzikina kamar kaza."

"Yauwa. Yanzu na ji mijina." Ta yi dariya ita ma, har ƙwalla, ta bar su a kan na dariya ne. "Maƙwabciya tana da yara kamar fari, ruwa ba zai gagare ni ba. Kuma ka gaya wa mai shagon nan, in ya bar ka da yunwa zan zo har can da sandata."

"Sandar mai shagon bakin titi."

"Ta zama tawa, ya yafe."

Dogo ya koma teburin, ya ɗaga kwanon yana juya shi a hannu, yana auna shi da ido. Fuskarsa ta dawo, har ya fara magana shi kaɗai: a ɗaure allon a jikin murfin, a fitar da wayoyi ta gefe, a liƙa wayar ƙasa a jikin ƙarfen kanta. Sai kuma ya ajiye shi.

"Bari in je in nemo gwangwani. Wannan sai an huda shi wuri uku ko huɗu, ba zai ƙara riƙe miya ba."

"Gwangwani mai tsatsa za ka kai wa mutum? Ka ja min abin kunya a garin da ba a san ni ba? Wannan ne ya yi aikin, shi za ka tafi da shi."

"Kwanona ne fa. A ciki kike zuba min."

Kaka ta miƙa masa murfin da abincin da ya riga ya huce, ta zuba masa ido har ya kai loma ta farko. Sannan ta lalubo ƙusa a cikin buhun mai gwangwan, ta ɗora masa a kan kwanon.

"Cinye ka huda abinka, maigida," ta ce. "Daga gobe wa zan zuba wa?"